Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin gyaran kundin tsarin mulki: kafin ku ƙirƙiro sabuwar jiha, ku leƙa sashe na 6

Zuwa ga masu girma Sanata Barau Jibrin, Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, da Honarabul Benjamin Kalu, Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, da sauran 'yan kwamitocin da kuke jagoranta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe, ni ba lauya ba ne, ban kuma taɓa tsayawa takarar ko kansila ba. Tafinta ne ni. Na shafe mafi yawan shekarun aikina a tsaye tsakanin kujerar alƙali da akwatin wanda ake tuhuma, ina juya Turanci zuwa Hausa, ina juya Hausa zuwa Turanci, har na yi ritaya. Wanda ya yi wannan aiki yana ganin kundin tsarin mulki ta wata kusurwa da ku ba kwa gani daga Abuja, domin a bakinsa ne maganar doka take sauka a kunnen talaka. Da wannan ɗan hurumi nake rubuto muku.

Bari in fara da wani yaro. Ba zan faɗi sunansa ko kotun ba. Yaron mai shayi ne, bai fi shekara goma sha tara ba, an kwaso shi cikin samame bayan an yi fashi a unguwarsu. Aka karanta masa tuhumar fashi da makami, na fassara. Sai mai shari'a ya ce kotunsa ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi, na fassara wannan ma. Fuskar yaron ta washe, ya dube ni ya ce, "Baba, ke nan na tafi gida?" Ni aka bar wa nauyin gaya masa cewa a'a, gidan yari za a kai shi a ajiye har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara a kan fayil ɗinsa. Ya ce, "Zuwa yaushe?" Wannan tambaya ba ta cikin abin da aka ce in fassara, kuma ko an ce, babu mai amsarta a ɗakin. Na sake ganinsa bayan shekara uku da wani abu, ranar da babban alƙalin jiha ya kai ziyarar rage cunkoso. Ba a taɓa kai shi gaban kotun da ke da hurumin ba. Fayil ɗin ma an neme shi an rasa. Aka sallame shi da kuɗin mota, babu wanda ya ce masa ko yi haƙuri.

Alhali kundin da kuke gyarawa ya yi magana a kan wannan yaro dalla-dalla. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ya ce wanda ke tsare, in wata biyu ya wuce ba a yi masa shari'a ba, a sake shi ko da bisa sharaɗi. Har ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Amma ƙaramin sashe na 7 ya zare wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wancan ƙa'idar lokaci, kuma ta wannan kafa ake zura mutane. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya rubuta fashi da makami a takarda, ya kai kotun majistare da ya san ba ta da iko, shi ke nan an rufe baki. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin ɗaure abin, ta ƙayyade ajiyar farko ga kwana 14, ta hana kama wani a madadin wani, ta wajabta wa majistare ziyartar caji ofis kowane wata. Doka ce mai kyau. Sai dai har yau kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukuncin komai ba. A gyaran da aka sa wa hannu a 2023 an canja sunan gidan yari a cikin kundin ya koma gidan gyaran hali. Na ciki dai suna nan inda suke.

Duniya ta ga irin wannan da idonta ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu daga Kano da Kaduna. An tsare su kusan wata uku, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowanne a kan naira miliyan 10. Abin da ya fito da su hoton da ya yaɗu a waya ne da umarnin shugaban ƙasa. Sashe na 35 yana nan a rubuce duk tsawon watannin nan uku, bai buɗe ƙofa ko ɗaya ba. Yaron mai shayi kuwa ba shi da mai ɗaukarsa hoto.

Wannan Babi na 4 ke nan, babin muhimman haƙƙoƙin ɗan ƙasa, wanda aƙalla ana iya kai ƙara a kansa in mutum yana da kuɗin lauya. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne Babi na 2.

Duk wanda ya karanta Babi na 2, daga sashe na 13 zuwa na 24, zai rantse da Allah babu ƙasar da ta kai Najeriya tausayin talaka. Sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 16 ya ce kada a bar dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru, ya ambaci matsuguni da abinci da albashin da zai riƙe mutum da kula da tsofaffi. Sashe na 17 ya yi maganar asibiti da magani ga kowa, da kare yara daga cin zali. Sashe na 18 ya yi alkawarin karatun firamare kyauta kuma dole, har da sakandare da jami'a da yaƙi da jahilci, amma ya maƙala wata 'yar jela a kai, wai idan hali ya yi. To kafin mai karatu ya iso duk wannan romon baka, tun a sashe na 6, ƙaramin sashe na 6(c), an riga an gaya wa alƙali cewa ba ruwansa da Babi na 2. Ba shi da ikon tambayar gwamnati ko ta cika ko ba ta cika ba. A taƙaice an rubuta wa talaka takardar bashi, aka kuma rubuta a bayanta cewa ba a karɓar ta a kowace kotu.

Ba yau aka fara wannan gardama ba. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin tsara kundin da ya zama na 1979, ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, mutum 49, babu mace ko ɗaya a cikinsu. Daga can aka kawo wannan babi, an aro salonsa daga Indiya. Mutum biyu suka ƙi bin ayari, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da Dakta Segun Osoba, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye a 1976, suna neman haƙƙin ilimi da lafiya da aiki ya zama abin da ɗan ƙasa zai iya tsayawa ya nema a gaban shari'a. Gwamnatin soja ta jefa rahoton a kwandon shara. Indiyar da muka kwaikwaya kuwa ta yi gaba ta bar mu: a 2002 ta gyara nata kundin, ta mayar da karatun yaro daga shekara 6 zuwa 14 cikin haƙƙoƙin da kotu ke tilastawa. Mu muka riƙe tsohon kwafi, muka sake juye shi a 1999 kusan kalma da kalma.

Kundin 1999 ɗin ma, kun fi ni sani, ya fara da cewa mu al'ummar Najeriya muka ba kanmu shi. Ni ina raye, ina aiki a kotu, ba a tambaye ni ba. Dokar soja mai lamba 24 ce ta gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta haife shi, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya zagaya na 'yan makonni. An yi zaɓe an gama, waɗanda suka ci ma da yawansu ba su ga rubutun da za su rantse a kansa ba sai dab da 29 ga Mayu. Ban kawo wannan don in ce a rushe gida a sake gini ba. Na kawo ne don in tuna muku cewa bashin tambayar jama'a yana nan ba a biya ba, kuma kowane zagayen gyara dama ce ta rage shi.

To me aka yi da damar? Mu bi sawu. A 2006 an tattaro gyare-gyare sama da ɗari, aka cusa tazarce a tsakiya, ranar 16 ga Mayu Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da kayan duka, mai kyau da mara kyau. Gyare-gyaren 2010 yawancinsu a kan lokutan zaɓe ne da shari'ar zaɓe da yadda mataimaki zai riƙe mulki in shugaba ba ya nan, darasin jinyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. A 2018 aka rage shekarun takara, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. A Maris ɗin 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan 16, aka ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa, aka ce a miƙa sunayen ministoci cikin kwana 60. Ban raina ko ɗaya ba, na lantarkin ma yana iya zama alheri babba. Amma ku jera su ku duba da zuciya ɗaya: kusan duka amsar tambaya guda suke bayarwa, wa zai hau kujera, yaushe, kuma wane asusu zai riƙe. Abin dariya, abin kuka, a cikin 16 ɗin nan akwai wanda ya yi maganar haƙƙin samun abinci. Ina aka ajiye shi? A Babi na 2, inda alƙali ba ya shiga.

Sau ɗaya aka kusa. Majalisa ta 7 ta amince da sababbin sassa da za su sa karatun matakin farko kyauta da kula da lafiya a matakin farko, har da ta mata masu juna biyu, a cikin Babi na 4. A Afrilun 2015 Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu a kan kunshin gaba ɗaya. Cikin dalilansa akwai cewa ba a nuna an cika yawan ƙuri'un da sashe na 9 ya gindaya ba, kuma an bar lafazin a buɗe har yana iya hawa kan makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne da ake gyarawa da alƙalami cikin yini guda. Shekara goma ke nan, maganar ba ta sake samun wanda ya ɗauke ta da ƙarfin da ake ɗaukar maganar sababbin jihohi ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta daga bakin manyan lauyoyi a harabar kotu: ina kuɗin? In kowa ya kai ƙara yana neman asibiti a ƙofar gidansa, gwamnati za ta durƙushe. Wannan tsoro yana da tushe, amma an yi maganinsa a wasu wurare. Kundin Afirka ta Kudu na 1996 ya sa lafiya da matsuguni da ruwa cikin haƙƙoƙi, ya ce gwamnati ta cika su sannu a hankali gwargwadon abin da ke hannunta. Aikin kotu shi ne ta ce wa minista ya kawo tsarinsa a gani, in tsarin na hankali ne a bar shi, in wasa ne a ce ya sake. Da haka ne a 2002 kotun tsarin mulkinsu ta tilasta wa gwamnati raba maganin da ke hana uwa mai cutar ƙanjamau shafa wa jaririnta. Ƙasar ba ta durƙushe ba. Kenya ma ta bi wannan hanya a kundinta na 2010.

Ni ban ma nemi da yawa ba. Abu biyu kawai, karatun shekara tara na farko a makarantar gwamnati, da asibitin matakin farko. Dukansu akwai dokarsu da kuɗinsu tuni. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1. Shekara da shekaru ana ba da labarin biliyoyin naira na ilimin firamare da ke kwance a Abuja saboda jihohi sun ƙi kawo nasu kason su ɗauka, alhali yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a nan Arewa. Makarantar da jikokina suke zuwa, aji ɗaya ya haura yara ɗari, rabinsu a ƙasa, rufin kwano ya yaye tun damina biyu da suka wuce. Kotun ECOWAS ta taɓa yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a shari'a, kuma a can ma lauyoyin gwamnati da Babi na 2 suka fake. Ina so uban yara ya iya shiga babbar kotun jiharsa ya ce ga makarantarmu, ga kuɗin da aka ƙi ɗaukowa, a kira kwamishina ya yi bayani, ba tare da an tare shi da sashe na 6 tun daga bakin ƙofa ba.

Na san taɓa Babi na 4 ba wasa ba ne. Gyara na yau da kullum yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Na Babi na 4 kuwa sai kashi huɗu cikin biyar, sanatoci 88 cikin 109, wakilai 288 cikin 360. Amma na ga ranakun da zauren ya cika maƙil babu kujerar da ta rage, kuma kowa ya san irin maganar da ke cika shi.

Game da ƙananan hukumomi ba zan tsawaita ba. An kai maganar 'yancin kuɗinsu majalisun jihohi, ta mutu a can, domin kowa ya san hannun da ke riƙe da akalar waɗannan majalisu. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a biya ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa kantomomi. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi dai yana nan daram a sashe na 162. Ku cire shi, rubutu ya dace da hukunci. 'Yan sandan jihohi kuwa, ina jin masu nema, kuma wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa a Zamfara ko Katsina ba zai tsaya dogon nazari ba. Roƙona ɗaya ne: kada ku miƙa wa gwamna mai rigar kariya ta sashe na 308 bindiga da ɗakin tsaro kafin ku ɗaure sashe na 35 da igiya mai ƙwari. Wanda ya ji labarin 'yan doka da kotunan En'e a zamanin NEPU, da yawan shigar Hajiya Gambo Sawaba kurkuku, ya san abin da nake tsoro. A rubuta ƙarara cewa ko wane irin laifi ne, akwai ranar da ajiya za ta ƙare in ba a fara shari'a ba, kuma diyyar tsarewar zalunci ta taɓa aljihun jami'in da ya yi ta, kada ta tsaya a baitulmali kaɗai.

Akwai kuma takardar indijin. Na san dattijo a Jos da kakansa ya zo haƙar kuza, shi da 'ya'yansa ba su san wani gari ba, amma in ana rabon gurbin karatu sai a ce su koma Kano. Na san ɗan Sabon Gari a Kano da Hausarsa ta fi tawa daɗi, shi ma haka ake ce masa ya nufi gabas. Sashe na 42 ya hana wariya, sashe na 147 kuma ya ce minista sai ɗan asalin jiha, ba a kuma fayyace shekara nawa mutum zai yi a wuri ya zama ɗan gari ba. Haka sashe na 26 ya ba namiji damar sama wa matarsa baƙuwa zama 'yar ƙasa, ya hana mace yi wa mijinta. Wannan na cikin ƙudurori biyar na mata da aka kayar ranar 1 ga Maris 2022, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Mu da ke da 'yan'uwa a Maraɗi da Damagaram, muke aurar da 'ya'yanmu tsallaken iyaka, mun san wannan ba maganar 'yan boko ba ce kawai.

Na ƙarshe shi ne wanda ya shafi sana'ata. Kun zagaya shiyyoyi jin ra'ayin jama'a a 2025, na kuma bi abin da na iya bi ta rediyo. Manyan ɗakunan taro, manyan riguna, takardu da Turanci, kowa minti kaɗan, kuma mafi ƙarfin murya ta masu neman jiha ce. Sashe na 55 ya ce ana iya gudanar da aikin majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadi. Tun 1979 ake jiran tanadin. Afirka ta Kudu ta buga kundinta da harsunanta 11 ta raba wa jama'a. Mu kuwa sashe na 8 ya yarda a yi ƙuri'ar raba gardama in za a yanka sabuwar jiha, amma sashe na 9 bai ce a tambayi kowa ba in za a taɓa haƙƙinsa. Tun da doka ba ta tilasta muku ba, ku yi don kanku: kowane ƙuduri da za ku kaɗa wa ƙuri'a a fassara shi da harsunan da mutane ke ji, a karanta a gidajen rediyo kafin ranar, yadda mai kayan miya da ɗan acaɓa za su ji. In an kaɗa, a buga sunan kowane sanata da kowane ɗan majalisa da abin da ya zaɓa, haka ma a majalisun jihohi, domin mu san wanda za mu tara da tambaya in ya zo gaisuwar sallah.

In kuna neman masu fassarar, muna nan da yawa mun yi ritaya muna zaune a ƙofar gida. Babi na 2 da na 4 ba su fi aikin mako biyu ba, kuma ni nawa ba sai an biya ni ba.

Allah ya yi muku jagora. Na gode.

Naku,
Tsohon tafintan kotu